Zauren Harshe: Kalmomin da Ke Haɗuwa a Gidan Makoki

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun da suka zo mana a wannan wata daga birnin Sakkwato da garuruwan da ke kewaye da shi sun karkata wuri guda, ko da yake masu su ba su san juna ba, domin kusan dukkansu sun taso ne daga gidan da aka yi rashi. Ranar da mutum ya cika, harshen malamai da na kasuwa da na kotu sukan shigo gidansa tare, kuma iyalin da hawaye bai bushe a idonsu ba ne ake so su fahimci duka ukun. Na sha ganin haƙƙin maraya ko na matar mamaci ya salwanta saboda an ɗora wata kalma a mazaunin wata, shi ya sa na ware shafin gaba ɗaya domin waɗannan tambayoyi. Kamar kullum, mun ɓoye sunayen masu rubutowa. Aikina bayanin kalmomi ne, yanke hukunci kuwa na alƙali ne.

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, mijin yayata ya rasu makonni uku da suka wuce. Wasu suna cewa idda take yi, wasu suna cewa takaba. Tsofaffin gidan sun hana ta fita ko da asibiti, sun kuma ba ta wuƙa ta riƙe duk inda za ta. Mene ne bambancin kalmomin biyu, kuma me ya wajaba a kanta? Daga wata 'yar'uwa a Mabera.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya jiƙansa, ya ba yayarki haƙuri. Idda kalma ce ta Larabci wadda tushenta ƙidaya ne, kuma ta ƙunshi duk zaman jiran da mace take yi bayan aure ya ƙare, ko da saki ya ƙare ko da mutuwa. Takaba kuwa sunan da Bahaushe ya keɓe wa iddar mutuwa ne. Saboda haka kowace takaba idda ce, amma wadda aka saka ba a cewa tana takaba. Iddar saki ga mace mai ganin al'ada tsarki uku ce a mazhabar Malikiyya da muke bi, ga wadda ta daina gani kuma wata uku. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, kamar yadda ya zo a aya ta 234 ta Suratul Baƙara, ana kuma ƙirga ta da watan sama tun daga ranar rasuwar. Idan matar tana da juna biyu, haihuwarta ce ƙarshen zamanta.

Abin da shari'a ta ɗora wa mai takaba a taƙaice yake. Ba za a ɗaura mata aure ba, ba kuma za a fito fili a nemi aurenta ba. Za ta bar ado, wato turare da kwalli da lalle da gwalagwalai da tufafin kwalliya. Za ta riƙa kwana a gidan da mijin ya bar ta. Fita da rana domin buƙata, kamar zuwa asibiti ko wurin aikin da take ci da shi, malaman Malikiyya sun halatta shi, muddin za ta dawo ta kwana a ɗakinta. Riƙe wuƙa, da hana ta wanka sai ranar Juma'a, da cewa kada ta amsa sallamar namiji, al'adu ne da aka gada a wasu gidaje, ba su cikin littafi. Ina girmama tsofaffinmu, na kuma san da kyakkyawar niyya suke yi, amma hana mara lafiya ganin likita da sunan takaba zalunci ne, kuma ya kamata wani babba a gidan ya faɗa musu hakan cikin ladabi.

Akwai haƙƙoƙi biyu da ke maƙale da wannan kalma waɗanda ba ki tambaya ba, amma ya kamata ki sani. Na farko, idan gidan mallakar mijin ne, ko ya riga ya biya kuɗin hayarsa, ba wanda yake da ikon fitar da ita kafin ta gama takaba, ko da magada sun matsu su sayar. Na biyu, matar da aka yi wa sakin kome, wato saki ɗaya ko biyu, idan mijin ya rasu tana cikin idda, to matarsa ce: za ta bar iddar saki ta kama takaba, kuma za ta ci gadonsa. Dangin miji da yawa sukan ce ai ya riga ya sake ta, su rufe maganar da wannan jumla guda.

Tambaya: Malam, mahaifinmu ɗan kasuwa ne mai sayar da albasa da hatsi. A wurin jana'iza an yi shela cewa duk mai bin sa bashi ya same ni. Yanzu mutane sun cika mini zaure. Wani ya ce rance ya ba shi, wani ya ce ajiya ya kawo, wani ya ce injin ban ruwa ya ara masa, wani kuma ya ce shi lamuni mahaifinmu ya yi masa. Duk ɗaya ne? Daga wani matashi a Ƙofar Marke.

Amsa: Ɗana, ba ɗaya ba ne, kuma ka yi dabara da ka tsaya ka tambaya kafin ka buɗe aljihu. Shelar da aka yi a maƙabarta al'ada ce mai kyau, tushenta kuwa hadisin da ya nuna cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Sai dai shela ba ta mayar da kowace da'awa gaskiya.

Bashi shi ne uwa. Duk abin da ya hau wuyan mutum ya biya, bashi ne, ko kuɗi ya karɓa, ko kaya ya ɗauka zai biya bayan ya sayar, ko ladan ɗan dako ne bai ba shi ba, ko ragowar sadakin matarsa ne. Shi ya sa Hausawa suke cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Rance wani reshe ne na bashi, wato ka karɓi abin da amfani da shi yake cinye shi, kamar kuɗi ko buhun gero, ka mayar da kwatankwacinsa. Aro kuwa ka karɓi abu ka yi aiki da shi ka mayar da shi ɗin kansa, kamar injin ban ruwan da aka ambata maka. Ba a aron gishiri, ba a kuma rancen jaki. Amfanin wannan bambanci a gidanku shi ne, idan injin yana nan kuma ya tabbata na mai shi ne, ba ya cikin dukiyar gado tun farko, sai a ɗauko a miƙa masa. Haka ajiya take, domin amana ce: idan an samu buhunan mutumin a rumbu da alamarsu, nasa ne, ba ya bin layin masu bashi. Mai rance kuwa yana bin dukiyar ne gaba ɗaya, idan kuma ba ta isa ta biya kowa ba, sai a raba wa masu bashi gwargwadon abin da kowa yake bi.

Lamuni ya fi sauran rikitarwa, saboda kalmar ta sauya ma'ana a bakin 'yan zamani. A yau rediyo takan ce banki ya ba manoma lamuni, ana nufin rance. Asalin ma'anarta kuwa shi ne mutum ya tsaya wa wani, ya ce idan wane bai biya ba ni zan biya. Idan wanda ya zo maka yana nufin mahaifinku ya tsaya masa a wurin wani mai kaya, to shi ba ya bin ku komai, shi ne ma ya kamata ya gaggauta biya domin ya sauke wa mamacin nauyi. Ka tambaye shi a gaban shaidu wace ma'ana yake nufi.

Game da hujja, ƙa'idar da kotunan shari'a suke bi ita ce, kawo shaida yana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan mai musu. A sha'anin dukiya Malikiyya suna karɓar shaidu biyu maza, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. Da yake mamaci ba ya nan balle ya kare kansa, an ƙara wa mai bin sa wata rantsuwa da ake kira yaminul ƙada'i, inda zai rantse cewa ba a biya shi ba, bai yafe ba, bai kuma mayar da bashin kan wani ba. Ka kuma sani cewa bashin da aka yanka wa lokaci, ko da saura shekara guda, mutuwar wanda ake bi tana sa lokacinsa ya yi nan take. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi, amma har gobe buhuna ɗari sukan fita daga kasuwanninmu a kan baki da baki, sai ranar irin taku a ga illar hakan. Ka nemi littafin lissafin mahaifinku da yaran shagonsa kafin ka amsa wa kowa.

Tambaya: Malam, na ji mai wa'azi yana cewa riba haramun ce, alhali kuwa mu 'yan kasuwa riba muke fita nema kullum. Ina gaskiyar take? Daga wata mai sayar da atamfa a Runjin Sambo.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, kalmomi biyu ne da rubutun boko ya haɗa su a riga ɗaya. Ribar da kike nema, wadda ake jan wasalinta na farko, daga kalmar Larabci ribhu take, wato abin da ya hau kan uwar kuɗi ta hanyar saye da sayarwa, kuma halal ce. Wadda mai wa'azi yake nufi, mai gajeren wasali a farko, ita ce ƙarin da ake ɗora wa bashi saboda jinkiri, wadda Bahaushe ya raɗa wa suna kuɗin ruwa. Aya ta 275 ta Suratul Baƙara ta ambaci ciniki da wannan ƙari a jere, ta halatta na farko ta haramta na biyu. Ina roƙon masu wa'azi da masu fassara su riƙa cewa kuɗin ruwa idan shi suke nufi, domin ba ke kaɗai wannan ruɗani ya taɓa tayar wa hankali ba.

Tun da bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ya fara aiki a 2012, wasu kalmomin fiƙihu sun fito daga littafi sun shiga bakin 'yan kasuwa. Murabaha ita ce banki ya sayi kaya ya sayar miki da ribar da kuka sani kuka amince tun farko. Mudaraba kuwa tsohuwar hulɗar nan ce da kuka saba da ita a kasuwa, wani ya kawo jari wani ya juya, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya, idan kuma an faɗi ba da sakaci ba, mai jari ya yi asarar kuɗinsa, mai juyawa ya yi asarar wahalarsa.

Tambaya: Malam, kawuna ya rasu ya bar mata biyu da mahaifiya da 'ya'ya huɗu, namiji ɗaya da mata uku. Kafin rasuwarsa ya ce ya ba babban ɗansa gida, ya kuma ce a ba wani masallaci wani kaso. A takardun banki da na fansho kuma sunan ƙanensa ya rubuta, shi kuwa yanzu yana cewa kuɗin nasa ne. Muna so mu san bambancin gado da wasiyya da kyauta. Daga wani malamin makaranta a Boɗinga.

Amsa: Malam, waɗannan kalmomi uku lokaci ne ya raba su. Kyauta ita ce abin da mutum ya bayar yana raye da lafiyarsa, kuma a Malikiyya ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. Wannan riƙewa ita ake kira hauzi. Idan kawunku ya ce ya ba ɗansa baligi gida, amma ya ci gaba da zama a ciki ko da karɓar kuɗin hayarsa har ya rasu, to kyautar ba ta tabbata ba, gidan ya koma cikin dukiyar gado. Wasiyya ita ce abin da mutum ya ce a bayar bayan ransa, kuma tana da iyaka biyu: ba ta wuce sulusin dukiya, wato ɗaya bisa uku, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, kuma ba a yin ta ga mai gado, sai fa idan sauran magada sun yarda. Saboda haka idan maganar gidan ta kasance "in na mutu a ba shi" ce, wasiyya ce ga magaji, ba ta zartuwa sai da amincewar sauran. Gado kuwa shi ne kason da Allah ya yanka da kansa a ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i, mamaci ba shi da ta cewa a ciki.

Dukiyar da mamaci ya bari, wadda malaman fiƙihu suke kira tarika, ana bin ta ne daki-daki. A fara da kuɗin likkafani da binnewa, sai bashi, sai wasiyya, abin da ya rage shi ne na magada. Bari in buga misali da lissafin da na ƙirƙira domin bayani. A ce bayan an biya bashi an samu ragowar naira 3,600,000, kuma mamacin ya yi wa masallaci wasiyyar naira 2,000,000. Sulusi shi ne 1,200,000, iyakar abin da masallaci zai samu ke nan idan magada ba su yarda da ƙari ba. Saura 2,400,000. Tumuni, wato ɗaya bisa takwas, shi ne 300,000, kuma matan biyu raba shi za su yi, kowacce ta ɗauki 150,000, ba kowacce da nata tumunin ba. Mahaifiya tana da sudusi, ɗaya bisa shida, wato 400,000. Ragowar 1,700,000 sai a kasa ta biyar, namiji ya ɗauki kashi biyu, 680,000, kowace mace ta ɗauki 340,000. Ƙanen mamaci ba shi da ko kwabo a nan, domin ɗa namiji ya shamakance shi, abin da malamai suke kira hajabu.

Wannan ya kawo mu ga takardar banki. Gurbin da ake cikewa da sunan makusanci an tanade shi ne domin a san wanda za a tuntuɓa idan wani abu ya faru. Masu fassara shi da "magaji" sun jefa gidaje da yawa cikin rigima, domin rubuta sunan mutum a wurin ba ya mallaka masa kuɗin. Banki da kamfanin fansho kan nemi takardar shaidar mutuwa da takardar kotu mai ba da izinin kula da dukiyar mamaci kafin su saki kuɗi, kuma wanda aka ba wannan izini wakili ne mai riƙon amana, aikinsa ya tattaro ya kawo a raba. Ku zauna da ƙanen kawun naku da wani malami da yake jin nauyinsa. Idan ya ƙi, kotun shari'a tana da hurumin rabon gadon Musulmi.

Zan ƙara da abu ɗaya da yake damuna. Jikan da mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa ba ya gado idan akwai ɗa namiji a raye, kuma irin wannan yaro ne ƙofar wasiyya ta fi dacewa da shi. Dattawanmu da yawa suna ganin rubuta wasiyya kamar kiran mutuwa ne, har su tafi ba su ce komai a kan marayun da suke ci a tukunyarsu ba.

Tambaya: Malam, mun samu wata tsohuwar takardar ajami a cikin kayan kakanmu, wadda ta nuna ya jinginar da gonarsa ta fadama a kan fam goma sha biyu da sule biyar. Jikokin wanda ya karɓa suna noma ta har yau, suna kuma cewa daɗewa ta sa ta zama tasu. Mun je kotu, sai kalmomi suka yi mana yawa. Daga wani manomi a Wurno.

Amsa: Ɗan'uwa, ka adana takardar nan da kyau. Ambaton fam da sule ya nuna mai yiwuwa an rubuta ta ne kafin naira ta maye gurbinsu ranar 1 ga Janairu, 1973, lokacin da fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ɗaya kuma kwabo goma. Jingina ita ce ka ajiye kadararka a hannun mai bin ka bashi domin ya samu natsuwa, ranar da aka biya kuma a fanshe ta. Ba sayarwa ba ce. Abin da abokan shari'arku suke dogaro da shi shi ma hauzi ake kiransa, amma da wata ma'ana dabam da ta kyauta: idan mutum ya riƙe ƙasa shekara goma yana aiki da ita a matsayin tasa, mai ita yana gari yana gani bai ce uffan ba kuma ba abin da ya hana shi magana, to ba a sauraron da'awarsa bayan haka, tsakanin dangi kuwa wa'adin ya fi haka tsawo. Sai dai wannan ƙa'ida ba ta aiki idan an tabbatar cewa asalin shigar ƙasar hannunsa aro ne ko haya ko jingina. Aikinku shi ne tabbatar da takardar da kawo dattawan da suka san asalin maganar. Yadda za a ƙiyasta fam goma sha biyu da kuɗin yau kuwa, wannan na alƙali ne.

Kalmomin da za ku riƙa ji ga su. Ku ne masu ƙara, a harshen littafi mudda'i, su kuma waɗanda ake ƙara, mudda'a alaihi. Abin da kuke nema shi ne da'awa, takardar da aka aika musu ta kira ita ce sammaci. Kafin alƙali ya yanke hukunci zai tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran hujja ko suka a kan shaidu. Wannan tambaya ita ce i'izari, kuma ba ado ba ce, domin kotunan sama sun sha rushe hukunci saboda an tsallake ta. Idan an zo wurin, kada kunya ko kwarjinin kotu su sa ka ce ba ka da magana alhali kana da ita. Wanda bai gamsu ba yana da damar ɗaukaka ƙara cikin kwanakin da alƙali zai faɗa.

Yawancin waɗannan kalmomi sun girmi kotun zamani. Alƙalan Daular Usmaniyya da su suke aiki tun kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903, suna dogaro da littattafan Malikiyya irin su Risala da Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya rubuta Liya'ul Hukkam domin shiryar da masu mulki da masu shari'a. Daga wancan zamani muka gaji alƙali da muhuti, wato mataimakin alƙali, da yari da dogari. Kotu da lauya da sammaci da beli kuwa bakin Turawa suka biyo. Tun da na ambaci beli, bari in gyara wani kuskure da nake ji a gidajen rediyo: wanda aka ba beli ba a wanke shi ba, an dai bar shi ya riƙa zuwa kotu daga gida, haka kuma wanda ake tuhuma ba a kiransa mai laifi sai hukunci ya tabbatar. Tara da diyya ma ba ɗaya ba ne. Tara aljihun hukuma take shiga, diyya kuwa ta wanda aka cuta ce, idan kuma rai aka rasa sai ta shiga cikin tarika a raba ta kamar sauran gado, matar mamaci ma tana da kasonta a ciki.

Tambaya: Malam, ni baƙuwa ce a Sakkwato, karatu ya kawo ni Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma da girmana na koyi Hausa. Na je gaisuwar rasuwa na ce na zo jaje ne don babanku ya mutu, sai na ga fuskoki sun sauya. Ina kuskurena? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yata, zuwan da kika yi ya fi kuskuren nauyi, kuma na tabbata mutanen gidan sun gane hakan. Jaje ana yin sa ne ga wanda ya gamu da asarar da ba ta rai ba, kamar gobara ko sata ko ambaliya. Idan mutum ya tsira daga haɗari, barka ake yi masa, a ce barka da arziki. Ta'aziyya, ko gaisuwa kawai, ita ce ta mutuwa. Kalmar mutu kuma daidai take a nahawu, amma tana da kaushi a kunnen wanda aka yi wa rashi, domin da ita ake faɗin mutuwar akuya da ta fitila da ta aure. Ga ɗan Adam rasu ake cewa, ko a sakaya a ce ya riga mu gidan gaskiya, ko ya kwanta dama, ko Allah ya yi masa cikawa. Jaririn da bai daɗe a duniya ba cewa ake yi ya koma. Ga annabawa da manyan bayin Allah akan ce ya yi wafati ko ya faku, kuma da irin wannan lafazi za ki ji ana ambaton rasuwar Shehu Usmanu a 1817 idan kika ziyarci Hubbare, inda kabarinsa yake. Mamaci ana faɗinsa ne a maganar wanka da sutura da rabon gado, idan kuwa za a kama suna sai a ce marigayi ko marigayiya. Waƙar da ake yi ta juyayin wanda ya rasu ita ce marsiyya, kuma wannan gari yana da gado a fannin, domin Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ta kuma yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo.

Zaman makoki kwana uku ne, domin hadisi bai yarda mace ta yi zaman baƙin ciki fiye da haka ba sai a kan mijinta. Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in al'ada ce da malamai suka saɓa a kanta, wasu gidaje suna yi wasu sun bari, kuma baƙo ba ya shiga wannan muhawara a gidan mutane. Idan kin sake zuwa, ki sa mayafi, ki yi sallama, ki shiga wurin mata ki zauna a tabarma. Bayan gaisuwa ki ce, ya haƙuri? Za su amsa da godiya ga Allah. Sai ki ce Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi. A bakin Sakkwatawa za ki ji hanƙuri a maimakon haƙuri, ki kuma ji Allah shi ji ƙai nai, wanda ya fito da asalin kalmar fili, wato jin ƙai. Ba a tambayar abin da ya bari, ba a kuma tsawaita tambayar ciwon da ya yi. Ki ɗan zauna kaɗan, idan an ɗaga hannu ana addu'a ki ɗaga tare da su, sannan ki ce Allah ya kyautata namu zuwan, ki tashi ki ba na bayanki wuri.